Fushinmu a filin jirgi kan wanda bai ji ba bai gani ba yake sauka

Cikin mako guda a watan Agustan 2025 'yan Najeriya suka kalli bidiyo biyu daga filayen jirgin sama, kuma har yanzu in aka ɗauko zancen sai gardama ta kaure. Na farko a Abuja aka ɗauke shi. Wani shahararren mawaƙin fuji ya ƙi yarda a karɓi gorar da ke hannunsa, aka hana shi hawa, sai ya je ya tsaya a gaban jirgin, wai in bai shiga ba babu inda za shi. Matuƙiyar ta ja jirginta, sai da ya sunkuya fiffike ya wuce ta kansa. Na biyu a Legas ne. Wata fasinja da ta taso daga Uyo ta yi rigima da ma'aikatan jirgi a kan kashe waya, abin ya kai ga mari, aka fizgo ta daga cikin jirgin ana ja har rigarta ta yage, kafin ka ce kwabo tana gidan yarin Kirikiri. Shi kuwa mawaƙin a gidansa ya kwana. Da surutu ya yi yawa, Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya fito ya yi sulhu: aka janye ƙarar matar, aka rage wa mawaƙin takunkumin hawa jirgi zuwa wata ɗaya, har ma aka ce za a riƙa amfani da shi wajen wayar da kan jama'a a kan dokokin filin jirgi.

Mutane sun yi ta cewa doka a ƙasar nan talaka take sani, kuma ban musa ba. Sai dai akwai abin da hayaniyar ta binne. A rikicin Abuja, waɗanda aka fara dakatar da lasisinsu su ne matuƙan jirgin biyu. A na Legas, wadda marin ya sauka a fuskarta ma'aikaciyar cikin jirgi ce. Waɗannan biyun dace aka yi wani ya ɗaga waya ya ɗauka. Ƙanana irinsu kusan kullum ana yi a Kano, Abuja, Legas, Yola, Maiduguri, kuma yawanci ba a kan gora ko waya ba ne, a kan jinkiri da soke tashi ne. Abin da nake gani shi ne an gina harkar jiragen cikin gida ta yadda ƙaramin ma'aikaci ne garkuwar kamfani. Masu yanke shawara suna ofis a sama, su suka san gaskiyar abin da ke faruwa, su ƙi faɗa, sannan su tura wanda bai san komai ba ya tsaya gaban mutum ɗari da ransu ya ɓaci.

Duk wanda ya saba hawa jirgi a nan ya san yadda ɗakin jira yake komawa bayan la'asar. Jirgin ƙarfe biyu ne a tikiti. Ƙarfe uku aka yi sanarwa ta lasifika cewa an ɗaga da minti arba'in saboda wasu dalilai na aiki, a yi haƙuri. Daga nan shiru. An yi magariba, an yi isha'i, soket ɗin cajin waya duk an cike su, mai shayin da ke lungu ya sayar da biredinsa kaf a kan farashin da ya ga dama. Na taɓa ganin wani dattijo a irin wannan dare, riƙe da jakar leda cike da takardun asibiti da hotunan ƙashi, zai je Legas ya kama jirgin dare zuwa Indiya. Ya lallaɓa ya isa teburin da ke bakin ƙofar fita, inda wata yarinya take tsaye da rigar kamfani da oba-oba a hannu, ya ce mata, "'Yata, don girman Allah ki gaya mini gaskiya, jirgin nan zai zo kuwa? In ba zai zo ba in san abin yi." Ta ce, "Baba, wallahi abin da aka gaya mini ke nan, yana hanya." Ta danna oba-obar a gabansa, aka sake ce mata yana hanya. Ba a jima ba wasu matasa suka zagaye teburin, wani ya buga shi da hannu, wani ya saka mata waya a fuska yana ɗauka yana kiranta maƙaryaciya. Manajan tashar ba a ga ƙeyarsa ba. Sai wajen goma saura aka ce an soke, kowa ya dawo gobe.

Yarinyar nan ba ƙarya ta yi ba, ƙarya aka ba ta ta isar. A ofishin da ake tsara zirga-zirgar kamfanin an san inda kowane jirgi yake a kowane minti. An san ko yana ƙasa ana kwance masa wani abu, an san ko ma'aikatansa sun cinye awanninsu na ranar, an san ko kuɗin mai ne ba a biya ba. Tun azahar ana iya gane cewa tashin nan ba zai yiwu ba. Da an faɗa tun lokacin, dattijon nan zai iya sayen tikitin wani kamfani ya tsira da jirginsa na Indiya. To amma faɗa da wuri yana nufin mutane su nemi kuɗinsu su koma wani wuri, shi ya sa ake jan su da minti arba'in-arba'in har sai duk sauran jiragen sun tashi, ba wanda ke da wata mafita.

Jinkirin kansa yana da dalilai na gaske, kuma ya kamata matafiyi ya san su don ya bambance uzuri da rainin hankali. Yawancin kamfanoninmu jiragensu masu aiki ba su da yawa. Jirgi ɗaya ne zai tashi Legas da asuba ya je Abuja, ya wuce Kano, ya dawo Abuja, ya leƙa Yola, ya koma Legas da dare. In tsuntsu ya faɗa injinsa a sauka ta farko, dole injiniya ya duba, wani lokacin sai an jira kayan gyara daga waje, to duk sauran tashin huɗu sun rushe, kuma babu wani jirgin da ke ajiye da zai maye gurbinsa. Ga hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da matuƙi ba ya iya hango titin sauka, kuma ba kowane fili ba ne ke da na'urorin da za su saukar da jirgi a irin wannan yanayi. Ga filayen da ake rufewa da faɗuwar rana saboda ba fitilun titi ko ba ma'aikatan dare, ta yadda jinkirin awa biyu a Abuja ya isa ya soke tafiya gaba ɗaya. Ga tsayar da komai in shugaban ƙasa ko wani babban baƙo zai tashi ko zai sauka. Filin Abuja ma titi ɗaya gare shi. A 2017 da za a gyara shi sai da aka rufe filin makonni shida aka karkatar da jirage Kaduna, kuma an shafe shekaru ana maganar gina titi na biyu.

Sai kuɗi. Kamfanin jirgi a Najeriya da naira yake sayar da tikiti amma kusan duk abin da yake kashewa da dala ake lissafa shi: hayar jirgin, inshora, kayan gyara, babban gyaran da galibi sai an kai jirgi ƙasar waje, horon matuƙa. A 2022 litar man jirgi ta tashi daga wajen naira 190 zuwa 700 cikin 'yan watanni, har ƙungiyar kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar ajiye aiki a watan Mayu. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dalar da ake samu a wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Jirgin da ya tafi gyara waje sai ya maƙale a can saboda ba dalar da za a fanso shi. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba ko ɗaya a cikinsu da ya hana kamfani ya rage yawan tashin da yake tallatawa ya daidaita da yawan jiragen da ke hannunsa. Wanda ke da jirgi uku ya fitar da jadawalin jirgi shida, ya karɓi kuɗin mutane a kai, ya san tun ranar da ya buga jadawalin cewa wasu za su kwana a kan benci. Matafiya sun daɗe suna ƙorafin cewa in jirgin safe bai cika ba sai a soke shi a haɗa su da na yamma. A tashar mota ma haka ake yi, sai ta cika ake tashi, amma ɗan kamasho ba ya rubuta maka ƙarfe bakwai da rabi a takarda ya karɓi dubu ɗari da wani abu.

Akwai kuma wani jinkirin da ya kamata mu riƙa gode wa Allah a kansa, kuma a nan ne fushinmu yake da haɗari. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato. Kamfanin Nigeria Airways ne ya yi hayarsa daga wani kamfanin Kanada mai suna Nationair. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa wasu tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kafin ranar. Da safen, gab da tashi, babban makaniken ya nemi a samo iskar naitirojin da ake hura tayar jirgi da ita, ba a samu a kusa ba, shi kuma jami'in kamfanin da ke kula da jigilar bai yarda a ƙara ɓata lokaci ba, don an riga an makara a jadawali. Aka sallami jirgin. Yana gudu a kan titi tayoyi biyu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama, matuƙan ba su sani ba suka naɗe ƙafafun jirgin da wutar zuwa cikin cikinsa. Sun juyo za su sauka, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai titi. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Akwai gidaje a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da har gobe suna lissafin wannan rana.

Da makaniken nan ya samu ƙarfin cewa jirgin nan ba zai motsa ba sai an hura taya, da alhazan sun ƙara 'yan awanni a Jidda suna mita, wataƙila suna zagin ma'aikata, su iso gida da daddare. Duk tsaron jirgin sama a kan wannan yake tsaye: a samu mutum mai ƙaramin matsayi da zai iya cewa a'a, kuma a'ar tasa ta zauna. Injiniyan da zai ƙi sa hannu a takardar sallamar jirgi. Matuƙin da zai ce hazon nan ya fi ƙarfin ƙa'ida, ba zan gwada ba. Ma'aikaciyar cikin jirgi da za ta ce awannin aikinta na yau sun ƙare, doka ta hana ta ƙara wani tashi, don mai gyangyaɗi ba ya fitar da mutane cikin daƙiƙa casa'in in wuta ta tashi. Mu da muka ga Gwammaja a watan Mayun 2002, lokacin da jirgin EAS ya faɗo a kan gidajen mutane jim kaɗan da tashinsa daga Kano, muka ga hatsarin jiragen Bellview da Sosoliso a 2005, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a jirgin ADC a Oktoban 2006, muka ga hatsarin jirgin Dana a Legas a 2012, bai kamata a ce sai an tuna mana darajar wannan a'ar ba.

Matsalar ita ce, in kamfani ya saba kiran kowane jinkiri da suna ɗaya, fasinja ba shi da hanyar gane wanne ne na ceton rai, wanne ne na son kuɗi. Ranar da injiniya ya tsayar da jirgi da gaskiya, mutane sun riga sun ƙoshi da ƙarya, sai su ɗauka wannan ma ita ce. Daga nan ake tare ƙofa, ake hana wani jirgin lodi, har a kutsa inda jirage ke tsayawa. Matsin sai ya gangara: fasinja ya matsa wa manajan tasha, manaja ya kira ofis, ofis ya kira injiniya ya ce yaya dai, ba za a iya lallaɓawa zuwa Legas ba? Mutumin da ake yi wa wannan tambayar yana da iyali, kuma ya san layin masu neman aikinsa.

Shi ya sa nake ganin albashi da kwanciyar hankalin ma'aikacin jirgi magana ce da ta shafi wuyan kowane fasinja, ko da bai damu da haƙƙin ma'aikata ba. Daga nesa aikin yana da kyan gani, ga kaki ga jaka mai taya. Kusa da shi labarin daban ne. Yawancin masu lodin kaya da masu tura matakala da masu share cikin jirgi ba ma'aikatan kamfanin jirgin ba ne, na kamfanonin hidimar ƙasa ne ko na 'yan kwangila, suna aiki a kan kwalta cikin zafin Afrilu da ƙarar inji. Sau da yawa ana jin kamfanin da ma'aikatansa ke bin sa albashin watanni. A 2020 da korona ta tsayar da zirga-zirga an sallami matuƙa da dama, an zaftare albashin waɗanda suka rage. Matashi zai gama koyon tuƙi a kwalejin Zariya, wadda aka kafa tun 1964, bayan iyayensa sun sayar da fili sun biya, ya zo ya tarar sai ya sake nemo wasu miliyoyin ya je waje ya samo shaidar tuƙa takamaiman irin jirgin da kamfani ke amfani da shi kafin a dube shi. Waɗanda suka goge kuma kamfanonin Gabas ta Tsakiya suna zawarcinsu da dala. A Afrilun 2023 ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama sun yi yajin gargaɗi na kwana biyu a kan sharuɗɗan aiki da aka daɗe ana jan ƙafa a kansu, muka yi ta tsine musu saboda sun tare hanyar filin jirgi, ba wanda ya tambayi shekara nawa suka yi suna rubuta wasiƙa.

Kuma kowannensu ya san abin da ya sami na gaba da shi. Nigeria Airways ta daina tashi a 2003. Matuƙanta da injiniyoyinta da sauran ma'aikata, mutanen da suka yi jigilar alhazan ƙasar nan shekara da shekaru, sai a 2018 gwamnati ta amince a fitar da kimanin naira biliyan 22 a biya su wani kaso na ragowar haƙƙinsu. Shekara goma sha biyar. Da yawa sun rasu suna jira. Wanda ya ga haka ya faru da ma'aikatan kamfanin gwamnatin tarayya, me zai sa ran samu daga kamfanin mutum ɗaya in ya yi gardama da maigida?

Za a ce ai akwai doka, kuma akwai ta. Sashe na 19 na ƙa'idojin hukumar NCAA, wadda ke sa ido a kan kamfanonin jirage, ya fayyace haƙƙin fasinja a jiragen cikin gida. In jinkiri ya kai awa biyu, a ba shi abin sha da abin taɓawa. In ya wuce awa uku, yana da ikon ya ce a mayar masa da kuɗinsa. In abin ya kai tsakanin ƙarfe goma na dare da huɗu na asuba, a kai shi masauki a kuma ɗauki nauyin motar. In ya haura awa shida, akwai diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, sai fa in dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar yanayi. Wanda ya biya ta banki a mayar masa cikin kwana 14. A takarda ba abin da ya rage. A ƙasa kuwa, tambayi duk wanda ka sani ya taɓa neman kuɗinsa wata nawa ya yi yana aika saƙo. A cikin kowane tikiti akwai kashi biyar cikin ɗari da ake cirewa a raba wa NCAA da 'yan uwanta hukumomi, wato fasinja ne ke biyan mai gadinsa. A ƙarshen 2024 hukumar ta sanar da ɗaukar matakin ladabtarwa a kan kamfanoni biyar saboda irin waɗannan laifuffuka, kuma na yaba. Amma hukuncin da sai an yi shekara ana tara ƙorafi kafin a ji shi sau ɗaya ba ya canza lissafin kamfani. In tarar ta fi kuɗin otal ɗin mutum ɗari araha, tarar za a zaɓa.

Na san amsar masu kamfanoni, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce ku duba maƙabartar kamfanonin jirage: Okada, Kabo, Chanchangi, Albarka, IRS, Bellview, Virgin Nigeria da ta koma Air Nigeria, duk sun tafi. Arik da ta taɓa zama mafi girma a ƙasar sai da AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna da suka gagara biya, ta karɓe ta a 2017 saboda bashi. Ga haraji iri-iri, ga ruwan bashin banki da ba wanda zai iya sayen jirgi da shi. In kuka ƙara mana tara, sauran ma za su mutu, tikiti ya ƙara tsada. Na yarda gwamnati tana da aiki a nan, kuma da kuɗi da lokacin da aka ɓata a kan Nigeria Air, kamfanin jiragen saman da gwamnatin tarayya ta yi yunƙurin kafawa, daga ƙaddamar da tambari a Ingila a 2018 zuwa jirgin Habasha da aka yi wa fenti aka nuna a Abuja kwana uku kafin miƙa mulki a 2023, an zuba su a fitilun titi da na'urorin sauka, da rabin soke tashin lokacin hazo ya ragu. Amma abin da nake nema daga kamfani ba ya cin dala ko ɗaya. Saƙon waya da azahar mai cewa jirginku ya samu matsala, ba ma sa ran tashi kafin tara na dare, wanda ke so ya karɓi kuɗinsa ga hanya. Manajan tasha ya fito da kansa ya tsaya gaban mutane, ya bar yarinyar da ke duba tikiti ta yi aikinta. Kamfanin da ba zai iya rayuwa ba sai da riƙe kuɗin mutanen da bai kai ko'ina ba, bashi yake ci a hannunsu ba da izininsu ba.

Abin ya fi yi mana ciwo a Arewa saboda zaɓinmu ya ƙanƙance. A da in jirgi ya ƙi, mutum ya shiga mota. Tun da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin da ta zama, aka kuma kai wa jirgin ƙasa hari a ranar 28 ga Maris 2022, kwana biyu bayan 'yan bindiga sun kutsa harabar filin jirgin Kaduna, mutane da yawa da ba masu kuɗi ba suka koma hawa jirgin sama don tsira da rai. Malamin jami'a, ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai je duba kaya a tashar ruwa, mai jinya, ɗalibar da za ta kama jirgin waje a Legas. Mutumin Maiduguri ko Sakkwato da aka soke masa tashi ƙarfe tara na dare ba zai ce bari in bi hanya ba. Wasu garuruwan ma jirgi ɗaya ko biyu ke zuwa a rana, kamfani ya san ko ya wulaƙanta ka gobe za ka dawo. Abin takaici ne a ce Kano, ɗaya daga cikin garuruwan da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925, mutanensa su riƙa tafiya kwana guda kafin lokaci suna biyan otal a Abuja don kawai ba su amince da jadawalin safe ba.

Mu ma fasinjoji ba wankakku ba ne, kada a ce na rufe ido. Akwai mai zuwa bayan an rufe karɓar kaya ya ce shi wane ne. Akwai mai jakar hannu uku da zai yi rantsuwa ɗaya ce. Akwai wanda za a ce ya kashe waya ya kifa ta a cinya, ana wucewa ya ci gaba da hira. Lokacin jigilar alhazai da Umara kowa ya san dambarwar da ake yi a kan kilo. Sannan akwai manya, waɗanda ake riƙe jirgi cike da mutane saboda suna hanya, kuma ma'aikacin da ya ce a rufe ƙofa shi zai amsa tambaya gobe. Dokar cikin jirgi ba a yi ta don a ci zarafin kowa ba. Umarnin ma'aikacin jirgi umarnin matuƙi ne, kuma wanda ya ɗaga hannu ya mare shi ya cancanci kotu, ko mawaƙi ne ko sanata ko 'yar kasuwa. Abin da ya ɓata shari'ar Agusta shi ne an nuna wa kowa cewa hukunci yana duba fuska, sannan da aka ji kunya sai aka yafe wa kowa a rana ɗaya, ma'aikatan da abin ya faɗa wa kuma aka bar su da cewa su je a ƙara musu horon iya mu'amala.

Da ni ake tambaya, abu na farko da zan nema a wurin NCAA shi ne ta tilasta wa kowane kamfani ya faɗi ainihin dalilin jinkiri a sanarwarsa, yanayi ne, gyara ne, rashin jirgi ne, ko ma'aikata ne, kuma abin da ya faɗa wa fasinja ya zama shi ne abin da ya rubuta wa hukuma, in suka saɓa a ci shi tara a kan ƙaryar kanta. Hukumar tana tattara alƙaluman jinkiri da soke tashi. Ta riƙa manna su kowane wata a bakin ƙofar kowane fili, kamfani-kamfani, hanya-hanya, da Hausa da sauran harsuna, don mai sayen tikitin Kano zuwa Legas ya san wa ke cika alkawari. Kada a amince wa kamfani jadawalin da ya fi ƙarfin jiragen da yake da su a ƙasa. Mayar da kuɗi ya zama kai-tsaye zuwa asusun da aka biya da shi, ba sai an cike fom an bi wani a waya ba. Sannan a samar da hanyar da injiniya ko matuƙi zai kai rahoton an matsa masa ya saki jirgi ba tare da sunansa ya koma teburin maigidansa ba, kuma kamfanin da ma'aikatansa ke bin sa albashin wata uku a ɗauke shi a matsayin mai matsalar tsaro, a binciki jiragensa.

Kafin a kai can, matafiyi yana da ɗan abin da ke hannunsa. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filaye, kuma tana karɓar ƙorafi ta intanet. Ajiye tikitinka da takardar shiga jirgi, ɗauki hoton allon da ke nuna lokaci, rubuta ƙarfe nawa aka yi kowace sanarwa. In an wuce awa uku, nemi manajan tasha da sunan muƙaminsa, ka ce masa kana son kuɗinka bisa sashe na 19, a rubuce. Ku haɗu ku goma ku sa hannu a takarda ɗaya, ya fi mutum hamsin suna ihu a kan mai duba tikiti. In kuma aka ce muku injiniya ne ya hana jirgin tashi, ku nemi a sauya muku jirgi ko a ba ku masauki, amma kada wanda ya roƙi a lallaɓa a tafi da shi haka.